Kafin Ka Sayi Waya, Tambayi Kuɗin Sikirinta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida tamu in yi magana da maniyyata aikin Hajji da masu shirin Umra, da ma waɗanda ba su da niyyar zuwa ko'ina amma akwai waya a aljihunsu. Ni Bahaushe ne haifaffen Makka. Kakana ne ya taso daga ƙasar Haɗeja, ya ratso Sudan, ya ƙetaro ta Suwakin, bai koma ba. Sana'ata gyaran waya, kuma shagona yana wajen Shari'a Mansur, wato titin Mansur, inda alhazan Najeriya da Nijar suka sani, ko don tuwo ko don tsaraba. Tun da hukuma ta keɓe sayar da waya da gyaranta ga 'yan ƙasa a 2016, masu jin Hausa a wannan sana'a muka ragu ƙwarai. Shi ya sa idan wayar alhaji ta fashe, ba a daɗewa ake nuno masa ƙofata.

Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami. In za ka sayi waya, bar tambayar mai shago ko tana jure faɗuwa, domin ko wacce ka nuna masa, "sosai ma" zai ce. Tambaye shi nawa ne sikirinta in ya fashe, kuma a ina ake samunsa. In ya fara kame-kame, ka samu amsarka.

Kusan duk wanda ya shigo mini da fasasshiyar waya da rantsuwa yake farawa. "Wallahi ɗana ba daga nesa ta faɗo ba, daga cinyata ce, ina zaune." Wani kuma ya ce shekarar bara ta gangaro daga bene ba abin da ya same ta, yau daga kan kujera ta tarwatse, don haka lallai akwai hannu a ciki. Ni ba na ce musu sun yi ƙarya, gaskiya suka faɗa. Abin da ba su lura da shi ba, tsayin da waya ta faɗo daga gare shi ba shi ne babban abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne a kan me ta sauka, kuma da wane ɓangare.

Gilashin da ke fuskar wayoyin yau ba irin na taga ba ne. Kamfanin Corning na Amurka, mai yin Gorilla Glass, yana tsoma gilashin cikin narkakken gishirin fotasiyam mai zafin kusan digiri 400. A cikin wannan wanka ƙananan ƙwayoyin sodiyam da ke fatar gilashin suna fita, manyan ƙwayoyin fotasiyam su cusa kansu a gurbinsu, sai fatar ta cunkushe ta matse. A wannan matsewar ƙarfinsa yake, domin tsaga ba ta samun damar buɗe baki a inda komai ke danne da juna. Amma fatar nan siririya ce ƙwarai, kuma ƙarƙashinta cikin gilashin a ɗame yake, yana jan kansa. Da zarar wani abu mai tsini ya huda fatar ya kai ga ciki, gilashin da kansa zai ƙarasa aikin. Shi ya sa za ka ga tsaga ta taso daga ɗigo ɗaya ta bazu har ɗaya kusurwar.

To me ke iya huda fatar? Masana duwatsu suna da ma'aunin tauri daga 1 zuwa 10. Gilashin waya yana fara karcewa a wajen 6. Makulli da tsabar kuɗi ba su kai nan ba, shi ya sa masu talla suke son goga makulli a fuskar waya a gabanka, sun san ba abin da zai yi mata. Ƙwayar yashi mai sheƙi kuwa, irin wadda ke cikin tsakuwa da kwalta da kankare, taurinta 7 ne. Yashin da ya shiga aljihunka ya fi makullinka yi wa wayarka illa. Kowane ƙaramin karce da ya bari, ko da ido ba ya ganinsa, ƙofa ce da ya buɗe wa tsaga. Wayar da ta tsira daga bene bara ba ita ce ta faɗo daga kujera yau ba, shekara guda ta yi tana tara raunuka a ɓoye.

Wannan ne ya sa a garin nan nake iya cinkar inda waya ta faɗi kafin mai ita ya gaya mini. Farin mabul ɗin da ke filin ɗawafi, wanda aka kawo daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka saboda ba ya ɗaukar zafi, sumul yake, kuma taurin mabul bai wuce 3 zuwa 4 ba. Waya tana iya kifewa a kansa a shimfiɗe ta tashi lafiya, sai dai in da kusurwa ta sauka, ko ƙafafun jama'a sun riga mai ita. Amma tsakuwar Muzdalifa, da kwaltar hanyar Mina, da duwatsun Jabalur Rahma da Jabalun Nur inda kowa ke son ɗaga hannu ya ɗauki hoto, waɗannan ba su da sassauci. Can ko daga gwiwa waya ta faɗo, in da fuska ta sauka, sai dai a yi haƙuri. Kwanakin da ke bin saukowa daga Mina su ne kakarmu, mu masu gyara, kuma ba na faɗin haka da alfahari.

Wataƙila masu karatu sun tuna abin da ya faru a watan Janairun 2024, lokacin da wani sashe na jikin jirgin Alaska Airlines ya ɓalle a sama bayan tashinsa daga birnin Fotland na Amurka. Wata iPhone ta faɗo daga tsayin kusan mita 4,900, aka tsince ta a gefen hanya tana aiki, fuskarta ba tsaga. Makonni mutane suka yi suna nuna mini labarin, wasu har da cewa ga irin wayar da ya kamata a saya. Amma iska tana tare abin da ke faɗowa, akwai gudun da waya ba ta wuce shi ko daga ina ta taso, kuma wannan cikin ciyayi ta sauka. Irinta sak na sha karɓa a tarwatse daga tsayin teburin shayi, don a kan kankare ta sauka da kusurwa.

Kamfanonin ba ƙarya suke yi a tallarsu ba, sai dai mu ne ba ma karanta ta har ƙarshe. Da aka fito da Gorilla Glass 5 a 2016, cewa aka yi yana tsira daga faɗuwar mita 1.6 har kashi 80 cikin 100 na lokuta. Wato a ɗakin gwajinsu ma, a faɗuwa biyar ɗaya na iya fashewa. A 2018 aka ce na 6 yana jure faɗuwa 15 daga mita ɗaya, a matsakaicin lissafi. Wanda ya biyo baya, Victus na 2020, aka ce har mita 2. Sai ga Victus 2 a ƙarshen 2022, da aka gwada shi a kan abin da ya yi kama da kankare, lambar ta dawo mita ɗaya. Mita ɗaya tsayin ƙugu ne. Kunnen babban mutum yana wajen mita ɗaya da rabi, kuma wayar da ta suɓuce daga nan tana isa ƙasa cikin rabin sakan da 'yan kai, da gudun kusan kilomita 20 a awa. Apple kuma da ta fito da iPhone 12 a 2020 ta ce sabon gilashinta ya ninka na baya sau huɗu wajen jure faɗuwa. Na yarda, kuma na gani a hannu cewa gilashin yau ya fi na shekara goma baya. Amma a daidai wannan lokacin wayoyin sun ƙara faɗi, sun ƙara nauyi, an cire musu gefen roba, tun daga wajen 2017 kuma aka koma yi musu bayan gilashi saboda cajin da ba ya buƙatar igiya. Da fuska ɗaya ce ke fashewa, yanzu biyu ne. Abin da aka ƙara wa gilashin na ƙarfi, ƙirar wayar ta cinye mafi yawansa.

Akwai rubutu biyu a jikin kwali da ke yaudarar mutanenmu fiye da komai. Na farko shi ne wanda ke cewa an gwada kayan bisa ma'aunin sojan Amurka, MIL-STD-810G. Mutum ya ji soja sai ya ɗauka tankar yaƙi ya saya. Gwajin faɗuwa a wannan ma'auni shi ne a saki abu sau 26 daga tsayin santimita 122, a kan katakon filawud mai kaurin kusan santimita 5 da aka shimfiɗa bisa kankare, kuma an yarda a raba faɗuwar 26 ɗin tsakanin samfuri har biyar. Katako fa, Malam Edita. Kuma ba sojan Amurka ne ke zuwa ya gwada ya buga hatimi ba, mai kayan ne ke yin gwajinsa ko ya biya a yi masa. Na biyu shi ne IP68. Lambar 6 tana nufin ƙura ba ta shiga, 8 tana nufin tana jure nutsewa a ruwa mai tsabta na wani ɗan lokaci. Ba ruwan wannan lamba da faɗuwa ko kaɗan. Hasali ma faɗuwa ce ke kashe ta, domin abin da ke hana ruwa shiga gam ne da 'yan robobi, kuma da jikin waya ya ɗan lanƙwashe, ko aka taɓa buɗe ta wajen gyara, ba za ta koma yadda ta fito daga masana'anta ba. Ni da kaina in na rufe waya bayan gyara ina gaya wa mai ita kada ya ƙara yarda da ita kusa da ruwa.

Dattawa kuma kullum zancensu Nokia. "Ɗana, da muna da waya, ta faɗi ta rabu uku, ka tattara ka haɗa ka ci gaba da magana." Gaskiya ne, Baba. Nokia 3310 ta shekarar 2000 nauyinta gram 133 ne, sikirinta ɗan mitsitsi yana can ciki bayan roba. Rabuwa ukun nan ita ce ke cetonta, murfi ya yi nan, batir ya yi can, ƙarfin bugun ya tafi da su. Babbar wayar yau tana kai gram 230 zuwa 240, an manne ta gam ba abin da ke ɓallewa, don haka duk bugun a jikinta yake ƙarewa. Amma ina tambayar Baba, da wace wayar yake ganin jikokinsa na Zariya ido da ido daga Arfa? Sai ya yi dariya. Ba wanda zai koma, kuma ba na cewa a koma. An ma taɓa gwada maganin abin: a 2015 Motorola ta fito da waya mai fuskar roba, ta yi alkawarin ba za ta fashe ba, kuma ba ta fashewa ɗin. Sai dai tana karcewa da sauri, mutane suka ƙi ta. Mu masu saye mu muka zaɓi sheƙi.

Abin da ya fi damuna ba gilashin da ya fashe ba ne, wannan kowa ya gan shi. Wayar da ta faɗi ta tashi fes ita nake jin tsoro. A cikin injin waya akwai ƙananan sassa da ke zaune a kan ɗaruruwan ɗige-ɗigen dalma. Bugu mai ƙarfi yana tsaga ɗaya ko biyu, wayar ta ci gaba da aiki, sai bayan mako biyu ta fara ɗauke sabis, ko ta ƙi caji, ko ta mutu ta farfaɗo da kanta. Mai ita ya manta da faɗuwar, ya ce layi ne ba shi da kyau. Kyamarar manyan wayoyi kuma madubinta a rataye yake da 'yan siraran ƙarafa da maganaɗisu don ya rage rawar hannu, bugu ɗaya na iya sa hoto ya dinga karkarwa har abada. Apple ma ta yi gargaɗi a 2021 cewa girgizar babban babur kaɗai tana iya lalata wannan sashe, wanda ya kamata 'yan acaɓa masu ɗaure waya a kan babur su ji. Sannan sikirin kansa hawa-hawa ne. Wani lokaci gilashin sama yana nan lafiya, amma na ƙasa mai nuna hoto ya tsage, sai ka ga baƙin tabo kamar tawada yana yaɗuwa kullum, ko koren layi ya tsaya daga sama har ƙasa. In ka ga tabon nan ya fara, kwashe lambobinka da hotunanka a ranar, kada ka jira gobe.

Batir kuma maganarsa ta wuce ta asarar kuɗi. Batirin lithiyam siraran faifai ne da aka naɗe, da wata 'yar fata a tsakaninsu. In ya loɓa, fatar na iya hudewa, faifan su taɓa juna, ya yi zafi, ya kumbura, wani lokaci ya kama da wuta. Ƙara wannan da zafin garin nan. A Hajjin 2024 ma'auni ya kai digiri 51.8 a Harami, alhali masu ƙera waya kamar Apple suna cewa a yi amfani da ita a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. In bayan wayarka ya fara ɗagowa, ko sikirin ya fara rabuwa da jiki bayan faɗuwa, kada ka danna shi ya koma, kada ka sa ta a caji, kada ka kwana da ita ƙarƙashin matashi a tantin Mina inda mutane ke kwance jiki da jiki. Haka fawa bank. Shi ma ya fi waya shan faɗuwa, don ba wanda ke tausayinsa, kuma masu arha ba su da wata kariya a ciki. Wanda ya loɓa ko ya kumbura a rabu da shi. Mai lafiya ma a jakar hannu ake shiga jirgi da shi, ba a sa shi cikin kayan awo.

Yanzu ga abin da ya keɓanci baƙinmu. Kayan harami ba su da aljihu. Namijin da ya saba zura waya a aljihun kaftani tun tasowarsa, rana ɗaya ya tsinci kansa da ƙyalle biyu, hannu ɗaya na riƙe da mayafi, ɗaya da lema ko gorar ruwa, ga gumi. Wasu su soke ta a ƙugu, wasu su naɗe ta a gefen mayafi, da an yi ruku'u sai a ji ƙara. Bayan an sauke harami kuma sai aljihun ƙirji ya karɓi aikin: a sunkuya wajen alwala ta zame, a shiga banɗakin Mina ta zame, kuma wannan ta biyun ba na son in yi dogon bayaninta. Mata sun fi mu dabara, yawancinsu a 'yar jakar wuya suke sa ta ƙarƙashin hijabi, kuma a shagona wayoyin maza sun fi yawa nesa ba kusa ba. Ɗamarar harami mai zif ko jakar wuya ba ta kai kuɗin cin abinci sau biyu ba. In kuma ta faɗi ana tsakiyar ɗawafi ko a wajen jifa, don Allah a bar ta. Ba wayar da ta kai mutum ya sunkuya a cikin wannan turmutsutsu.

In ta faɗa ruwa, a kashe ta, a goge, kada a sa a caji don a ga ko tana aiki, nan ne ake ƙona ta. Kada kuma a binne ta cikin shinkafa, Apple da kanta ta ce a daina, ƙura da gutsattsarin shinkafar shiga suke yi. Wata Hajiya ta taɓa ce mini ai zamzam ne ya zube a kan tata, ba zai yi mata komai ba. Na ce Hajiya, albarkarsa ga mai sha take, injin waya kuwa tsatsa zai yi.

Game da rigar waya, gammo ce, ba ta rage nauyin kaya amma tana hana shi cin kai. Aikinta ta ɗan jinkirta bugun ta baza shi. Abin da za ka duba biyu ne: kusurwoyinta su zama masu kauri da taushi, bakinta kuma ya ɗan ɗara fuskar wayar da kyamara tsayi, yadda in ta kife ba gilashi ne zai fara taɓa ƙasa ba. Siririyar roba mai tauri da ake saye don ado, mai duwatsu ko hoton Ka'aba, karce kawai take tsarewa. Gilashin kariya da ake mannawa a fuska shi ma yana da amfani, amma ba yadda ake zato ba. Mutum ya ga ya fashe sai ya ce ya ceci wayarsa, alhali sau da yawa shi ɗin ne mai rauni, inda ya fashe na asali ba zai fashe ba. Ainihin amfaninsa shi ne yana shanye yashi da tsinin tsakuwa, fatar gilashin asali ta zauna ba rauni. Wannan kaɗai ya isa a saye shi, riyal goma ko ashirin ne. Rubutun 9H da ke jikin kwalinsa kuma ma'aunin taurin fensir ne, ba na duwatsu ba, kada a ɗauka ya kusa lu'ulu'u. Wayoyi masu lanƙwasasshen gefe, da aka yi yayinsu tun 2015, su ne mafi wahalar karewa, riga ba ta rufe gefen, gilashin kariya ba ya zama. Ban yi mamaki ba da na ga Samsung ta dawo da shimfiɗaɗɗiyar fuska a babbar wayarta ta 2024. Masu naɗewa kuwa ban ce kada a saya ba, amma ba wayar Mina ba ce.

Sai mu dawo ga kuɗi. Sikirin babbar iPhone irin su 14 Pro Max, farashin canza shi a wajen kamfanin a Amurka dala 379 ne, wanda a canjin riyal 3.75 ya haura riyal 1,400. Alhajin da ya zo da guzurin da hukuma ta ba shi, wannan kuɗin tsarabar gidansa ce gaba ɗaya. Yawancin irin waɗannan wayoyi ma ba shi ya saya ba, ɗa ne ya ba shi don a dinga ganin Baba da kyau a bidiyo. Sai ya tsaya a gabana yana juya ta, ni kuma in jera masa zaɓi: na asali, ko wanda aka ciro daga wata wayar, ko kwafi. Kwafin yana aiki, amma haskensa ba ya isa a ranar Makka, yana shan batir, gilashinsa kuma ba a yi masa wankan gishirin nan yadda ya kamata ba, faɗuwa ta gaba ba zai kai labari ba. Ba laifi ba ne a sa kwafi in an gaya wa mai waya, laifin shi ne a sa masa kwafi a karɓi kuɗin asali, kuma ana yi, a nan da can gida. Ka ce a nuna maka sikirin kafin a manna, ka kuma karɓi tsohon naka.

A ɗaya gefen kuma akwai masu zuwa da ƙananan wayoyin da aka ƙera don kasuwar Afirka. Sikirinsu da arha a Farm Centre ta Kano, amma wasu samfuran ba a sayar da su a nan, don haka kayansu ba sa kan kantarmu. Sai in buga Jidda, in sa a duba shagunan waya na Shari'a Falasɗin, wani lokaci a samu, wani lokaci jirgin alhaji ya riga kayan isowa. Duk da haka, in ka tambaye ni, mai irin wannan wayar ya fi kwanciyar hankali. Bayanta roba ne, ba ta da nauyi, in ta fashe ya lallaɓa ya kai ta gida a gyara da kuɗi kaɗan. Waya mai matsakaicin kuɗi, mai shimfiɗaɗɗiyar fuska, wadda kowane mai gyara a garinku yake da sikirinta a aljihun tebur, ita ce mai jure faɗuwa a wurina, ko da kwalinta bai ambaci soja ba.

Turawa sun fara gane wannan. Tun 20 ga Yunin 2025, duk wayar da za a sayar a ƙasashen Tarayyar Turai sai an manna mata takarda mai nuna darajarta daga A zuwa E wajen jure faɗuwa, da wata darajar ta sauƙin gyara. Dole ta jure faɗuwa 45 ba riga, dole kuma kamfani ya ci gaba da samar da kayan gyaranta shekara 7 bayan ya daina sayar da ita. Mu ba a manna mana, amma samfurin da ake sayarwa a can sau da yawa shi ne a kasuwarmu, kuma darajar tasa a fili take ga mai nema. Da hukumomin kula da ingancin kaya na ƙasashenmu za su tilasta ko da rabin wannan, da an rage wa talaka asara.

Sauran kayan hannu ba zan tsawaita ba. Kwamfutar cinya mai tsohon faifan ajiya mai juyawa, in ta faɗi tana kunne, bayanan ciki ne ke tafiya, kuma su ba a sayo su a kasuwa. Mai sabuwar ma'ajiya marar juyawa ta fi haƙuri. Tablet ɗin yara faɗinsa ne ajalinsa, kada a miƙa wa yaro sai da riga mai kauri.

Dalilin da ya sa na matsa a kan baƙin Allah shi ne waya a wannan ƙasa ta daina zama abin hira kawai. Izinin shiga Rauda a Madina ta manhajar Nusuk ake nemansa. Sunan masauki, lambar jagora, taswirar komawa tanti, hanyar karɓar kuɗi daga gida, duk suna cikinta. Na ga dattijo tsaye a bakin shagona, wayarsa ta yi baƙi ƙirin, bai san sunan otal ɗinsa ba, bai haddace lambar kowa ba, abin da ya sani kawai akwai kantin shayi a kusa da ƙofar. Sai da muka cire layinsa muka sa a wata wayar, muka zauna jiran wani ya kira. Allah Ya sa 'yarsa ta kira daga Gusau kafin magariba.

Don haka ina roƙon malaman bita a hukumomin alhazai na jihohi da na Nijar, in an gama bayanin ɗawafi da jifa, a ware minti biyar. A ce wa kowa ya rubuta sunan masaukinsa da lambar jagoransa da lambar mutum biyu na gida a takarda, ya sa a jakar wuya tare da katin Nusuk. A ce 'ya'ya su adana wa iyaye lambobi da hotuna a asusun intanet kafin a tashi, su kuma rubuta musu kalmar sirrin, don sau da yawa ina gyara waya lafiya lau a rasa mai buɗe ta. Wanda yake da hali ya riƙo ƙaramar waya mai maɓalli ta shiga Mina da Arfa da shi, babbar ta jira shi a masauki.

Na gode da wannan fili. Allah Ya kawo alhazanmu lafiya, Ya mayar da su lafiya.

Naku,
Mai gyaran waya,
Shari'a Mansur, Makka.